Yadda Ake Haɗa Akwatin Mozayik Irin na Dimashƙ, Daga Tsaga Itace Zuwa Shafa Mai

Duk wanda ya riƙe ɗan akwatin nan na ƙasar Sham, mai ƙananan taurari birjik a murfinsa, yakan zaci wani bawan Allah ne ya zauna ya bi guntayen itacen ɗaya bayan ɗaya yana liƙawa. Da haka ake yi, da akwati guda sai ya cinye wa mutum watanni, kuma da ba mai iya sayensa sai sarki ko attajiri. Dabarar masu sana'ar a Dimashƙ ita ce su haɗa tauraron sau ɗaya tak, amma a jikin doguwar sanda. Sai su yi ta yanka sandar a gicciye kamar mai sayar da rake, kowane yanki ya fito da tauraro iri ɗaya da na ɗan'uwansa. Saboda haka aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan sandar nan. Idan ta yi kyau, komai ya yi kyau. Idan ta karkace ko da kaɗan ne, karkatar za ta bayyana a kowane tauraro da ke jikin akwatin, ba kuma gyaran da zai ɓoye ta.

Ado da itace tsohon abu ne a Siriya. Mumbarin da Nuruddin Zangi ya sa aka sassaƙa a Halab, wanda Salahuddin al-Ayyubi ya kai Masallacin Ƙudus bayan ya karɓe birnin a 1187, aikin kafintocin ƙasar ne, kuma yana nan har sai da aka cinna masa wuta a 1969. Amma wannan salo na haɗa sanda a yanka, wanda mutanen Dimashƙ ke kira mozayik, ana danganta shi ne da wani kafinta Kirista mai suna Jirji Bitar, wanda aka haifa a 1840 ya rasu a 1935. Labarin da masu sana'ar ke bayarwa shi ne ya fara gwadawa da itacen wata bishiyar lemo da ta bushe a harabar wani gidan limaman coci a unguwar Bab Tuma. Daga nan sana'ar ta bazu cikin tsohon gari, musamman wajajen Bab Sharƙi, ana yin akwatuna, tebura, kujeru, allon wasan dara irin nasu, da gidan ajiye Alƙur'ani. Yaƙin da ya ɓarke a 2011 ya tarwatsa masu aikin da dama zuwa Labanan, Jodan, Turkiyya da Masar, unguwar Jobar kuwa da take cike da shagunan aikin katako ta zama kufai. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba.

Abin da za mu haɗa a nan ɗan akwati ne mai tsawon santimita 20 da faɗin kusan 13, da tauraro mai tsini takwas. Ma'aunin da zan bayar ya ɗan fi na ƙwararru girma, da gangan na yi haka, domin hannun mai koyo ya iya riƙewa.

Zaɓen itace

A Dimashƙ ba fenti ke ba da launi ba, itacen ne da kansa. Itacen jauz, bishiyar da Turawa ke kira walnut, wanda gonakin yankin Ghuta da ke kewaye da birnin suka yi suna da shi, yana ba da ƙasa-ƙasa mai duhu. Itacen lemo yana ba da fari mai ratsin ɗorawa. Itacen turare yana ba da ja-ja, ana kuma amfani da na zaitun da na mishmish, wato bishiyar da Turawa ke kira apricot. Wanda ba zai samu waɗannan ba sai ya nemi launi uku da suka bambanta sosai daga abin da ke kusa da shi: maɗaci don ja, ƙirya don duhu, itacen lemo don fari. Sharaɗi biyu ne ba a sassauci a kansu. Itacen ya zama mai tauri da ƙananan ƙofofi, domin mai taushi yana murƙushewa a bakin zarto. Sannan ya bushe ƙarau. Ɗanyen itace zai tsuke bayan an gama aiki, taurarin su rabu da juna, ka wayi gari ka ga tsaga ta ratsa murfin. Idan kana shakka a kan katako, ka tsaga shi sirara ka jingine a inuwa na wasu makonni kafin ka taɓa shi.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto mai ƙananan haƙora, ko injin tsaga katako da ake iya karkata bakinsa, sukwaya, rula ta ƙarfe, cizal mai kaifi, magagari, samfefa daga lamba 120 zuwa 320, zare mai ƙarfi, farin gam na kafintoci, falawud ko busasshen katako na jikin akwatin, da ɗan gilashi shimfiɗaɗɗe wanda za ka riƙa gwada daidaito a kansa. Mutanen da suna amfani da gam ɗin fata da ƙashi da ake narkarwa a kan wuta. Yana da kyau, amma yana daskarewa da sauri, mai koyo ba zai iya tsere da shi ba.

Tsaga sanduna, inda aikin yake

Tauraro mai tsini takwas yana buƙatar sanduna 16, kowace mai tsawon santimita 20. Takwas daga ciki bakinsu siffar daimon ne irin na jikin kati, su ne tauraron kansa. Huɗu murabba'i ne, suna cike kusurwoyi. Huɗu kuma alwatika ne, suna cike gefuna. Idan suka haɗu, bakin dunƙulen zai zama murabba'i mai milimita 24 kowane gefe.

Ka fara da gyara allo har kaurinsa ya zama milimita 5 daga wannan baki zuwa wancan, ba ƙari ba ragi. Yi haka ga allon ja, da na duhu, da na fari. Karkata bakin zarto zuwa digiri 45. Daga allon ja ka tsaga sanduna huɗu, faɗin fuskar kowace milimita 7, haka ma daga allon duhu. Kaurin milimita 5 da karkatar digiri 45 su ne ke sa gefen da ya karkace shi ma ya fito milimita 7, wato daimon mai gefe huɗu daidai. Daga allon fari kuma za ka fitar da alwatika: ka yanka sau ɗaya, ka kifa allon, ka sake yankawa yadda yankan biyu za su haɗu a tsini. Gindin alwatikar zai kai kusan milimita 10. Su kuwa murabba'ai, daga wani farin allo mai kaurin milimita 7 za a tsage su, zarto a miƙe.

A nan ne za ka ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Tsinin daimon takwas ne za su haɗu a tsakiya su cika digiri 360. Idan zartonka ya kauce da digiri ɗaya kacal, kuskuren zai ninka sau takwas, ka sami giɓin digiri 8 a tsakiyar tauraro, ko kuma sanda ta takwas ta ƙi shiga sam. Kada ka yarda da lambar da ke jikin inji. Tsaga gwaji daga katakon banza, ka yanka guntaye huɗu, ka jera su tsini da tsini a kan gilashi. Huɗu rabin tauraro ne, don haka gindinsu ya kamata ya kwanta a layi miƙaƙƙe. Ka kara rula. Idan haske na ratsawa ta tsakiya ko ta gefe, ka ɗan motsa zarton ka sake gwadawa. Sai rula ta zauna daram sannan ka taɓa katakon kirki.

Kuma ka tsaga fiye da abin da kake buƙata. Wasu za su lanƙwashe da zarar sun rabu da allo, wasu za su fito da tsaga. Ka mirgina kowace a kan gilashi, wadda ba ta kwanta ba ka ajiye ta gefe. Wanda ke aiki da inji ya yi amfani da sandar turawa, kada ya kai yatsa kusa da haƙoran zarto. Sanda mai milimita 7 ba ta bar wa hannu wurin kamawa ba.

Haɗa dunƙule

Kafin gam ya taɓa komai, ka haɗa sandunan 16 a bushe, ka ɗaure da roba, ka duba bakin ta kowane ɓangare. Ja da duhu su riƙa bin juna, ja, duhu, ja, duhu, domin haka ne tauraron ke fitowa kamar mai tudu da kwari. Abin da ka gani a bushe shi za ka samu a jiƙe, gam ba ya gyara kuskure.

Ƙwararru sukan shafe sandunan gaba ɗaya su haɗa a zama guda. Kai ka bi a hankali. Haɗa daimon bibbiyu, ja da duhu, ka sami tagwaye huɗu. Idan sun kama, ka haɗa tagwaye biyu su zama rabin tauraro. Yanzu kana da rabi biyu, kowane da shimfiɗaɗɗen gindi. Manna samfefa a kan gilashi, ka ɗan goga gindin kowane rabi sau biyu ko uku, iya abin da zai cire busasshen gam ya daidaita fuskar. Sai ka haɗa su, kana lura tsinin tsakiya ya haɗu a bakin nan biyu na sandar, ba baki ɗaya kawai ba. Mutane da yawa sukan duba bakin da ke gabansu su manta da na baya, sai an zo yanka a ga rabin taurarin sun goce.

Daga nan ka shafa gam a kwarin da ke tsakanin tsinaye, ka zuba murabba'ai a kusurwoyi huɗu, alwatika a gefe huɗu. Naɗe dunƙulen da zare tun daga wannan baki har wancan, kana ja da ƙarfi, naɗi kusa da naɗi. Haka ake yi a Dimashƙ har yau, kuma ya fi kowane ƙarfen matsewa, domin zare yana matsawa ta ko'ina lokaci ɗaya. Gam ya tsattsafo ta kowace gaɓa, wannan ne alamar ya wadata. Ka bar shi kwana ɗaya cur, a lokacin damina ka ƙara masa wani.

Bayan ka warware zaren, ka kankare gam, ka gwada gefuna huɗu da sukwaya. Idan kana so taurarin su rabu da juna da siririn layi, yanzu ne za ka liƙa ɓawon katako mai duhu, kaurin rabin milimita, a gefunan dunƙulen. Sai dai ka tuna hakan zai ƙara girman kowane yanki, lissafin akwati ya canza.

Yanka

Yanke santimita ɗaya daga kowane baki ka yar, nan ne gam ba ya cika shiga. Saura santimita 18. Idan kaurin kowane yanki milimita 2 ne, zarto kuma yana cinye milimita 1, za ka sami yanka wajen 60. Murfi zai ɗauki 28, wato jeri huɗu na bakwai-bakwai. Gefunan akwati za su ɗauki 22, bakwai a kowane dogon gefe, huɗu a kowane gajere. Ragowar goman na maye gurbin waɗanda za su fashe ne, kuma za su fashe.

Ka kafa ɗan katako a matsayin tokari domin kowane yanki ya fito da kauri ɗaya. Kada ka danna zarto, bar shi ya ci da kansa. Yankan nan a gicciyen jijiyar itace aka yi su, shi ya sa suke da gautsi kuma suke shan ruwa. Ka jera su yadda suka fito, ka ɗora musu wani abu mai nauyi shimfiɗaɗɗe, in ba haka ba iskar hunturu za ta nannaɗe su kafin gari ya waye.

Masu aikin kasuwa ba sa tsayawa a sanda ɗaya. Sukan haɗa dunƙule da yawa su zama babban tubali, su yanka da inji, yanki ɗaya ya fito da taurari goma ko fiye a jere. Wannan sai hannu ya faɗa.

Jikin akwati da liƙa ado

Shawarar da za ta cece ka daga baƙin ciki ita ce: kada ka haɗa akwati sai ka gama yanka. Jera taurari 28 ɗin a kan takarda, ka auna abin da suka bayar a zahiri. A lissafi milimita 168 ne da 96, amma naka zai iya ɗara haka ko ya gaza kaɗan. Ƙara milimita 16 ta kowane gefe don ƙawanya, abin da ya fito shi ne girman murfinka. Akwati ake yi daidai da girman ado, ba a datse tauraro don ya shiga akwati.

Haɗa akwatin a rufe ruf, gefe shida, kamar tubali. Daga baya za a raba murfi da zarto, ta haka ne murfi da gindi ke zama daidai da juna. Ka ja layi da fensir inda za a raba, ka tabbata jerin taurarin gefe yana ƙasa da layin.

Ka ja layi biyu da suka gicciya a tsakiyar murfi, daga nan za ka fara jeri zuwa waje. Idan ka fara daga gefe, duk ɗan kuskuren da ke akwai zai taru a ɗaya gefen. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jera taurarin a kan tebur, ka manne fuskarsu da tef ɗin takarda su zama shimfiɗa ɗaya. Shafa wa bayansu gam da aka ɗan tsinka da ruwa, ka bar shi ya sha iska, domin idan ba ka yi haka ba itacen zai tsotse gam ɗin liƙi gaba ɗaya ya bar gaɓar a bushe. Sannan ka shafa gam sosai a jikin akwatin, ka ɗora shimfiɗar, ka rufe da leda, ka ɗora katako shimfiɗaɗɗe, ka danne da nauyi har kwana ɗaya. Fuska ɗaya a rana. Gaggawa a nan ba ta da riba.

Ƙawanya kuwa ba wuya. Liƙa siraran allunan fari da duhu, ɗaya kan ɗaya, su zama tubali mai ratsi, sai ka tsage shi a tsaye ka sami layuka, ko a karkace ka sami ratsi mai kama da igiya. A kusurwa a yanka digiri 45 domin layukan su haɗu baki da baki. Mai saye da ya san kaya kusurwar nan yake fara dubawa.

Sadaf

Farin abin nan mai walƙiya da ake gani a tsakanin taurari shi ne sadaf, wato cikin ɓawon wata dabbar ruwa. Ba a haɗa shi cikin sanda, da hannu ake sa shi bayan an liƙa ado. A akwatinmu, inda taurari huɗu suka haɗu, fararen murabba'ai huɗu suna zama babban murabba'i guda. Nan ne wurinsa. Yanka sadaf da magagari daidai girman da kake so, ɗora shi a wurin, zagaye shi da tsinin wuƙa, ka ƙwaƙule itacen da cizal, ka sa gam, ka danna shi ya ɗan ɗara fuskar itace kaɗan. Ka jiƙa shi da ruwa lokacin gogewa, ka kuma sa takunkumi, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Akwai wata sana'ar daban da mutane ke rikita ta da wannan, wadda ake yi wa manyan akwatunan amare da madubai. A can ba a haɗa sanda. Ana zana fure da ganye a jikin itacen jauz, a tsaga siririyar hanya, a buga zaren kuza a ciki, sannan a ƙwaƙule tsakiya a dasa sadaf. Wanda ya shiga Fadar Azm da ke tsohon garin Dimashƙ, wadda gwamna As'ad Basha al-Azm ya gina a tsakiyar ƙarni na 18 kuma yanzu take gidan tarihin sana'o'in gargajiya, zai ga irin wannan kaya a ɗakunanta. Ni dai a ganina sadaf kaɗan ya fi kyau a jikin mozayik. Idan ya yi yawa sai ya danne launin itacen, wanda shi ne aka sha wahala a kansa.

Gogewa da shafa mai

Duk ƙaramin giɓin da ya rage, ka kwaɓa garin katako mai launin wurin da gam ka cike. Idan ya bushe sai gogewa. Matsalar da ke nan ita ce ƙurar itace mai duhu tana shiga ƙofofin farin itace ta mai da shi toka-toka, kuma idan ta shiga ba ta fita. Maganinta shi ne ka fara kankarewa da ƙarfen kankara ko bakin gilashi har fuskar ta daidaita, ka shafa man sheƙi tsinkakke sau ɗaya ya toshe ƙofofin, sannan ka ɗauki samfefa. Naɗe ta a jikin katako shimfiɗaɗɗe, kada ka goga da tafin hannu, domin itace ya fi sadaf saurin ci, sai ka bar kwari a kewayensa. Daga lamba 120 zuwa 180, 240, ka ƙare da 320, kana kaɗe ƙura tsakanin kowace lamba. Ka tuna milimita 2 kawai gare ka, a gefuna musamman ka sassauta hannu.

Yanzu ka raba murfi a kan layin da ka ja, ka goge bakunan biyu a kan gilashi mai samfefa.

Man da aka saba da shi a Sham shi ne kamalika, wato ƙaron shalak da ake narkarwa a cikin sifirit. Ana dunƙule auduga a cikin tsumma mai laushi, a jiƙa kaɗan, a riƙa shafawa a zagaye ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Shafi siriri, a bari ya bushe, a ɗan goga da samfefa mafi laushi, a sake. Shafin farko da na biyu itacen zai shanye su kamar ba a yi ba, kada ka karaya, daga baya sheƙin zai fara tashi. A guji yin wannan aiki ranar da iska ke da laima, domin man yakan yi fari-fari kamar hazo. Banish na gwangwani ma yana yi, amma yana yin kauri ya sa aikin ya yi kama da roba.

Abin da ya rage shi ne hinji ƙanana guda biyu na tagulla da shimfiɗar ciki. Huda ramin kusoshi tukuna kafin ka ɗaura, kada katakon ya tsage. A ciki an fi sa jan karan-miski. Kada ka shafa masa gam kai tsaye, zai huda ya ɓata gashin. Yanka kwali daidai kowace fuska ta ciki, ka naɗe shi da yadin, ka liƙa ta baya, sannan ka manna kwalin a jikin akwati, gindi da farko, gefuna daga baya. Akwatin da aka gama ba ya son rana kai tsaye, ba ya son ruwa, turare mai sifirit kuma yana narkar da kamalika, don haka idan kwalbar turare za a ajiye a ciki a tabbata murfinta a ɗaure yake.